Aksal ɗin feda na tsohon keke: yadda ake zaɓen wanda zai dace

Aksal ɗin feda shi ne ƙarfen da ke ratsa bututun gindin keke ya haɗa hannuwan feda biyu. Yana juyawa a kan boris, galibi ƙwaya 11 a kowane gefe, cikin kofi biyu na ƙarfe da ake murɗawa a bakin bututun. A Bader Goula da sauran ƙauyukan Dakoro, rairayi na shiga ya gauraya da giris ya cinye kofin, sai feda ta fara lilo. Kayan gyara kuwa sau da yawa sai an nemo su daga Dakoro ko Maraɗi, don haka sayen da bai dace ba asarar kuɗin mota ce.

Babbar matsala tana ga haƙoran murɗi. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot da Motobécane na kafin shekarun 1980, galibi kofinsu faɗin milimita 35 ne, kuma duka biyun ta dama ake ɗaure su. Ma'aunin Ingila, wanda ya fi yawa a kasuwa yau, faɗinsa milimita 34,8 ne, da haƙori 24 a inci, kuma kofin gefen sarƙa ta hagu ake ɗaure shi. Bambancin faɗin ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa kofin Ingila kan soma shiga keken Faransa kamar ya dace. In ya cije aka tilasta shi da sifana, haƙoran bututun ne ke lalacewa, kuma wannan ɓarna a jikin keken take. Kofin da ya dace da yatsu yake shiga zagaye da yawa.

Tsohon Raleigh na Nottingham, wanda ya yi suna a ƙasar Hausa, nasa daban ne: haƙori 26 a inci, bututunsa kuma milimita 71 ko 76, maimakon 68. In kofinsa na asali bai ci ba, gara a bar shi, a canza boris kawai.

Sai bakin aksal ɗin. Tsofaffin hannuwan feda da ƙusa mai noti ake riƙe su, milimita 9 a na Faransa, 9,5 a na Ingila. Na baya-bayan nan bakinsu mai kusurwa huɗu ne, kuma ba ya karɓar hannu mai ƙusa. Tsawo ma yana da muhimmanci: in aksal ya gajarta, farantin sarƙa zai goga jikin keke, in ya yi tsawo sarƙa ta karkace ta riƙa fita.

Masu gyara kan kwance tsohon aksal da kofinsa duka biyu, a tafi da su kasuwa a gwada da sabo gefe da gefe kafin a biya.