Asalin Ma'adinan Darma da Tutiya: Riruwai da Kwarin Binuwai

Tozalin da ake sayarwa a kasuwar birnin Zariya ma'adini ne na darma haɗe da farar wuta, kuma a ƙarƙashin ƙasa yakan zo tare da ma'adinin tutiya. Ba ƙasar Zazzau ke fitar da shi ba. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, irin na Kufena, wanda ya daskare kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Idan an nausa gabas ko kudu ana samun jijiyoyinsa.

Ruwan zafi ne ke haifar da waɗannan jijiyoyi. Idan ruwa mai gishiri ya ɗau zafi a cikin ƙasa, yakan narkar da darma da tutiya daga duwatsun da yake ratsawa, ya hau da su ta tsagogi. Da zarar ya huce, ko ya gauraya da ruwan sama da ya nutse, ko ya ci karo da farar wuta, sai ƙarafan su daskare a bangon tsaga.

A Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano, alaƙar wannan aiki da aman wuta a fili take. Tsaunukan wurin ragowar dutse ne mai aman wuta na zamanin Jurasik, wanda bakinsa ya rufta, narkakken dutse ya kutsa daga ƙasa ya daskare. Ruwan da ya fita daga wannan dutse shi ya cika wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 5, daga gabas zuwa yamma, da tutiya da kuza da ɗan tozali.

Kwarin Binuwai ne ya raba kan masana. Kwarin ya tsage ne lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, teku ya shiga ya bar laka mai kauri. A cikinta jijiyoyin Abakaliki da Ishiagu da Arufu da Zurak suke. Wani masani, Farrington, ya bayyana su a 1952, kuma an daɗe ana danganta su da narkakken dutse, ganin akwai duwatsun wuta a kusa da wasunsu. Amma Olade da Morton a 1985, sannan Akande da abokan aikinsa a 1989, sun auna ɗigon ruwan da ya maƙale cikin ma'adinan, suka tarar ruwa ne mai gishiri ƙwarai, irin wanda laka ke riƙewa tun daga teku. Maɓuɓɓugan gishiri na Awe da Keana suna ƙarfafa wannan ra'ayi.

Hujja ta fi karkata ga cewa a Binuwai narkakken dutse zafi kawai ya bayar, ƙarafan kuwa ruwan gishiri ne ya tatso su daga laka da dutsen tushe. Saboda haka mai neman ma'adini a Riruwai zai bi dutsen da ya kutsa, a Binuwai kuwa tsagogin laka zai bi.