Tarihin Sana'ar Farfaɗo da Tsofaffin Kwamfutoci

A shekarar 2000 wasu 'yan sa-kai a birnin Portland na Amurka suka buɗe wata cibiya mai suna Free Geek. Suna karɓar kwamfutocin da gidaje da ofisoshi suka yar, su ware masu sauran numfashi, su share abin da ke ciki, su ɗora musu babbar manhajar Linux. Wanda ya yi musu aikin sa'a 24, sai a sallame shi da kwamfuta kyauta. Sun gano abin da har yau yake riƙe da wannan sana'a: da yawa daga kwamfutocin da ake cewa sun mutu lafiyarsu ƙalau. Manhajar da ke kansu ce ta yi musu nauyi, ko kamfanin da ya yi ta ya janye hannunsa.

Linux ta dace da aikin ne saboda lasisinta. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, daga baya ya sake ta bisa sharaɗin kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba. Sai masu fasaha suka shiga rage mata kaya. A 2003 Barry Kauler, mutumin Ostareliya, ya fitar da Puppy Linux, wadda ƙanƙantarta ta sa take shigewa gaba ɗaya cikin ma'adanar wucin-gadi ta kwamfuta, ta yi gudu ko da babbar ma'adanar ta gaji. Damn Small Linux kuwa a wancan lokacin megabait 50 ce kacal.

Amma waɗannan na gwanaye ne. Wanda ya kai abin ƙofar talaka shi ne Mark Shuttleworth, attajirin Afirka ta Kudu, da ya fito da nau'in Linux mai suna Ubuntu a Oktoban 2004. Kamfaninsa, Canonical, ya riƙa aika faifan sidi ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, ba kuɗin faifai ba na aike, har zuwa 2011. A zamanin da sauke fayil mai megabait 700 kan cinye dare guda a shagon intanet, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Daga Ubuntu aka tsago Xubuntu a 2006, sannan Lubuntu, dukansu don injina marasa ƙarfi.

Kasuwar wannan aiki takan buɗe ne duk lokacin da Microsoft ta rufe wata ƙofa. Windows Vista ta zo a 2007 da nauyin da kwamfutocin cinya da yawa suka kasa ɗauka. Da aka sa ranar 8 ga Afrilu, 2014 don daina kula da Windows XP, hukumar birnin Munich a Jamus ta raba faifan Ubuntu 2,000 a ɗakunan karatu, don kada mazauna su zubar da injinan da ke aiki. Google ma ta hango riba: a 2020 ta sayi kamfanin Neverware, ta mayar da manhajarsa ta farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci zuwa ChromeOS Flex a 2022.

Guguwar da ta fi girma ita ce ta baya-bayan nan. Windows 11 ta ƙi hawa kan injin da ba shi da guntun tsaro na TPM 2.0, ta kuma ƙi yawancin injinan Intel da suka girmi ƙarni na takwas, wato na kafin ƙarshen 2017. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara idan aka daina kula da Windows 10, abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin irin waɗannan Dell da HP da ThinkPad na hannu, 'yan Beljiyam, su ne ke cika Computer Village ta Ikeja da shagunan titin Beirut a Kano, kuma su ɗalibi yake iya saye. Sayar masa da injin da aka daina toshe wa kafofin ɓarayin intanet ba tare da an gaya masa ba, zalunci ne, alhali filash ɗaya mai ɗauke da Linux Mint zai warware matsalar cikin sa'a guda.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta tayar da batirin da ya mutu, kuma shafukan intanet na yau suna shan ma'adana ko wace manhaja aka sa. Ita kanta Linux ta fara sallamar tsofaffi: Lubuntu ta daina fitar da nau'in injina masu bit 32, Debian ta bi sahu a bugunta na 13 a Agustan 2025. Masu kwamfutocin zamanin XP yanzu sun koma ga ƙananan ayyuka irin su antiX, waɗanda 'yan sa-kai ƙalilan ke ɗauke da su.