Aron Baki a Fim: Turancin Amurka a Bakin 'Yan Wasan Ingila, da Kananci a Kunnen Mutanen Bawku

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da ke sa kwaikwayon karin harshe ya karɓu a fim. Ta faro da 'yan wasan Ingila da suka yi fice wajen aron bakin Amurkawa, sannan ta auna batun da Hausar Bawku da Salaga da Yendi, garuruwan arewacin Gana da ake kallon finafinan Kano. An bi hanyar kwatanta tsarin sauti da nahawun kare-karen harsunan da abin ya shafa. Matsayin maƙalar shi ne, baiwar ɗan wasa ba ita kaɗai ke aiki ba: wanda ya tashi yana sauraron wani shi ke iya kwaikwayonsa, kuma yakan yi tuntuɓe ne a inda karin da yake ara ya rarrabe abin da nasa ya haɗe.

Gabatarwa

Lokacin da ake neman wanda zai fito a matsayin likita a shirin *House*, wanda aka fara nunawa a 2004, Hugh Laurie ya aiko da faifan gwaji daga Namibiya, inda yake ɗaukar wani fim. Darakta Bryan Singer ya kalla, ya ɗauka Ba'amurke ne, alhali a Oxford aka haife shi. Idris Elba, haifaffen Hackney a gabashin Landan, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce, mahaifinsa kuma ɗan Saliyo, ya fito a matsayin Stringer Bell a *The Wire* tun daga 2002, kuma masu kallo da yawa ba su san ɗan Ingila ba ne sai da suka ji shi yana hira da bakinsa na gida. David Oyelowo ya zama Martin Luther King a *Selma* a 2014. Daniel Kaluuya ya samu kyautar Oscar a 2021 da ya fito a matsayin Fred Hampton na Chicago. Akasin haka bai cika yin armashi ba. Har gobe Turawan Ingila na ba da misali da yadda Ba'amurke Dick Van Dyke ya kwaɓa bakin talakawan Landan a *Mary Poppins* na 1964.

Tambayar da wannan ya haifar ta shafi Hausa kai tsaye, domin ita ma tana da cibiyar da ke fitar da finafinai da kuma nesa da ke saye tana kallo.

Abin da ɗan wasan Ingila yake sauyawa

J. C. Wells, a littafinsa *Accents of English* na 1982, ya fayyace inda Turancin kudancin Ingila ya saɓa da gama-garin Turancin Amurka. Mafi bayyana shi ne sautin r bayan wasali: Ba'amurke yana furta shi a *car* da *hard*, mutumin Landan yana haɗiye shi. Sai t tsakanin wasula, wanda Ba'amurke ke kaɗawa har *water* ta yi kusa da ra-kaɗen Hausa. Akwai kuma wasalin *bath* da *dance*, da na *lot*, wanda Amurkawa ba sa kewaye leɓe wajen furta shi.

Batun r ya cancanci a dakata a kansa. Ɗan wasan Ingila yana da jagora a hannu, wato rubutu: duk inda ya ga r a takarda, sai ya furta. Amma bakinsa ya saba cusa r a inda babu ita a rubuce, tsakanin wasali da wasali, kamar a *idea of*. In ya shagala, wannan r ɗin ta gida sai ta biyo shi cikin bakin aro, ko kuma ya wuce gona da iri ya riƙa liƙa ta a ƙarshen kalmomin da Ba'amurke bai taɓa sa mata ba. Peter Trudgill ya nuna irin wannan zarcewa a 1983, a nazarinsa kan mawaƙan Ingila masu rera waƙa da bakin Amurka. Kuskuren mai aro ke nan: ya gane doka, ya shimfiɗa ta har inda ba ta kai ba.

Bayan wannan akwai tarbiyyar kunne. Yaron Ingila yana tashi da finafinai da waƙoƙin Amurka a ɗakin uwarsa. Yaron Amurka ba ya samun Turancin Ingila da yawa haka. Makarantun wasan kwaikwayo irin su RADA da LAMDA suna koyar da furuci a matsayin darasi, kuma manyan finafinai na ɗaukar mai horar da lafazi, wanda aikinsa shi ne ya saurari kowace jimla ya gyara.

Hausar Gwanja

Goro ne ya kai Hausa arewacin Gana. Fatake daga Kano da Katsina sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja, wasu ta Sansanne Mango da Yendi, wasu ta ƙasar Mosi su sauko ta Bawku da Gambaga, duk su haɗu a kasuwar Salaga, inda goron Asante ke jiransu. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a *Caravans of Kola* na 1980. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mazauna garin zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangogi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da Hausar ajami, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Aikin soja da na ɗan sanda a zamanin Turawa ya ƙara yaɗa harshen, kuma gidan rediyon gwamnatin Gana ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. Ya kamata mai karatu a Kano ya riƙe wannan: tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913, waɗanda ɗaliban Hausa ke tinƙaho da su, wani malami ne ya rubuta masa su a ƙasar da ake kira Gana a yau.

Bawku, a kusurwar da Gana ta haɗu da Burkina Faso da Togo, gari ne na Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Hausawa. A kasuwarta mai ci duk bayan kwana uku, mai albasa da mai saye sukan bar harsunansu su yi ciniki da Hausa. Hausar da ta yi wannan doguwar hidima tsakanin baƙi ta sauya. A bakin masu yawa, baƙaƙe masu ƙugiya sun koma 'yan'uwansu marasa ƙugiya, sai *ƙafa* da *kafa* su zama ɗaya, haka *faɗa* da *fada*, *baƙi* da *baki*. Sautin *ky* yakan karkata zuwa *c*, *gy* zuwa *j*, a ji *cau* a madadin *kyau*. Jinsi kuma ya raunana ƙwarai: *rigan*, *motan*, mace ma a ce *ya zo*. Abin ba ɗaya yake a kowane baki ba, domin tsofaffin gidajen malamai da fatake sun fi riƙe tsohon furuci. Raunin jinsi kuwa ba abin Gana kaɗai ba ne. An san shi a Zazzaganci da Bausanci, kamar yadda Paul Newman ya ambata a babban nahawunsa na shekarar 2000. Wanda ya kira wannan gurɓatacciyar Hausa bai yi wa masu ita adalci ba, bai kuma yi wa ilimi ba.

In ɗan Bawku zai fito a matsayin Bakano

Ta fuskar kunne, matashin Bawku yana matsayin yaron Ingila ne. Tun bayan fim ɗin *Turmin Danya* na 1990, kaset da faifai, sannan tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, sannan YouTube a wayar hannu, sun zuba masa Kananci ba dare ba rana. A teburin mai shayi za ka ji yaro ya ɗauko jimlar wani jarumi ya maimaita ta da karin sautinta cif-cif, abokai su kwashe da dariya, sannan ya juya ya nemi a ƙara masa sukari da Hausar unguwarsu. Ya san baki biyu. Bakanon da yake kwaikwayo ɗaya ya sani.

Sai dai aikinsa ya fi na ɗan Ingila nauyi. Maimaita jimlar da aka haddace daban, ɗaukar sabon rubutun fim daban. Dole ya san wace kalma ce mai *k*, wace ce mai *ƙ*, alhali a kansa duk a tukunya ɗaya suke. Rubutun boko zai taimake shi a nan, tunda yana nuna ƙugiya, amma Hausa ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnatin Gana ke koyarwa, kuma saƙonnin waya da ya saba gani ba sa ɗauke da ƙugiyar. Tsayin wasali da karin sauti kuwa boko bai nuna su sam: *gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya.

Jinsi shi ne tarkonsa mafi zurfi, kuma a nan ne lamarinsa ya yi daidai da na r ɗin Turanci. Zai lura da wuri cewa sunayen da suka ƙare da *a* galibi mata ne: *rigar*, *motar*, *kasuwar*. Amma *gida* namiji ne, haka *ruwa* da *nama* da *suna*. Mai aron da ya shimfiɗa dokar zai ce *gidar Alhaji* ko *ruwar sanyi*, kuma Bakano zai kama shi nan take, fiye ma da yadda zai kama wanda ya ce *motan Alhaji*, domin wannan na biyun kunnensa ya saba ji daga Zazzagawa. Ƙoƙarin gyara shi ke tona asiri.

In Bakano zai fito a matsayin ɗan Bawku

A takarda wannan ya fi sauƙi: zubar da ƙugiya, zubar da jinsi. Shi ya sa yake da haɗari. Wasan kwaikwayon Hausa yana da tsohuwar al'adar aron baki. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne da ya san Hausar bariki daga ciki, shi ya sa ta zauna a bakinsa. Yusuf Haruna, Baban Chinedu, ya yi suna da Hausar ɗan kasuwar Ibo. Sauran masu barkwanci sun yi Bagware da Bayerabe da Bafulatani. Amma manufar wannan al'ada ta saɓa da ta Laurie da Elba. Su suna so a manta cewa aro suke yi. Mai barkwanci so yake a lura, don haka yakan ɗauki siffa biyu ko uku ya kumbura su. In aka bi wannan hanya da Hausar Bawku, abin da zai fito shi ne Hausar baƙo ta ko'ina, wadda ba ta da gari. Za a rasa kalmomin da ta ara daga Turancin Gana da Tuwi da Mosanci, a rasa saurinta da inda take ɗaga murya, a kuma mayar da harshen uwar dubban mutane abin dariya.

Turanci ma yana da irin wannan rauni idan ya juyo Afirka. 'Yan Nijeriya da yawa ba su gamsu da bakin da Will Smith ya yi wa Dakta Bennet Omalu a *Concussion* na 2015 ba. Elba kansa, a *Beasts of No Nation* da aka ɗauka a Gana, ya sami sauƙi ne domin ƙasar labarin ba ta da suna, babu wanda zai ce ba haka mutanen garinsu ke magana ba. Yaron da suka fito tare, Abraham Attah, bakinsa na gida ya yi amfani da shi. Akwai kuma tambayar haƙƙi, wadda Samuel L. Jackson ya tayar a 2017 game da ba Kaluuya jagorancin *Get Out*: ko da aron ya yi kyau, me ya hana a ba mai abin? A ganina tambayar ta fi ƙarfi a wajenmu, domin baƙaƙen fatar Amurka suna da finafinan da ake jin muryarsu, Hausawan zango kuwa ba su cika samun gurbi a finafinan da suke kashe kuɗin data a kansu ba.

Wa ke yanke hukunci

Gamsarwa ba siffa ce da ke zaune a bakin ɗan wasa ba, tana tsakaninsa da mai sauraro. Bakin da ya wuce a Bawku a matsayin Kananci tsantsa zai iya faɗuwa a Fagge, kuma Hausar Gana da ta ba 'yan Kano dariya za ta iya zama baƙuwa ga mutumin Yendi. Don haka duk gwajin da za a yi sai ya zama mai fuska biyu: a naɗi jimloli iri ɗaya daga masu karin na asali da masu aro, a cakuɗa su, a kunna wa masu sauraro a Kano da Bawku ba tare da hoto ba, kowa ya faɗi garin mai magana da kalmar da ta sa ya faɗi haka. Jimlolin su ƙunshi sunaye maza masu ƙarewa da *a*, da tagwayen kalmomi irin *fada* da *faɗa*, da tambayoyi, domin a tambaya ne tashin murya ke fitowa fili. A kuma raba masu sauraron Bawku gida biyu, waɗanda Hausa ce harshen ɗakinsu da waɗanda a kasuwa suka koye ta, tunda ba lallai kunnuwansu su kama abu ɗaya ba.