Wa Ke Leƙa Ɗakin Tsohuwa? Dawanau da Tarihin Kula da Gajiyayyu a Ƙasar Kano

A bakin Bakano, sunan Dawanau yana ɗauke da ma'ana biyu. Ga ɗan kasuwa, Dawanau ita ce kasuwar hatsin nan da ke kan hanyar Katsina, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, wadda ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, inda manyan motoci ke lodin gero da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da kudancin ƙasar nan. Ga sauran mutane kuwa, in aka ce wa wani "kai sai Dawanau," ba a nufin ya je ya sayo buhun masara. Asibitin masu taɓin hankali ake nufi, wanda ya daɗe a hannun gwamnatin jiha kafin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 'yan shekarun nan.

Ƙarƙashin wannan ba'a akwai tambaya mai nauyi. Idan tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta, tana fita da tsakar dare wai za ta gidan mijinta da ya rasu shekara ashirin da suka wuce, ina za a kai ta? Abin da ke damunta gigin tsufa ne, ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci suka san shi sarai. Asibitin Dawanau zai iya duba ta ya ba ta magani, amma ba a gina asibiti don mutum ya ƙare rayuwarsa a ciki ba. Gidan kula da tsofaffi irin na Turai kuwa, kusan babu shi a ƙasar Kano, kuma yawancinmu muna faɗin haka da alfahari. Alfaharin yana da tushe. Sai dai ya hana mu tambayar da wane mudu ake auna kulawar, a gida take ko a ginin hukuma, da kuma wanda ke riƙe da mudun.

A da, shari'a ce ta fara aza doka. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin zaure ya bi ta cikinta, ta ɗora wa ɗa ciyar da iyayensa matalauta a matsayin wajibi, abin da alƙali zai iya tilastawa. Amma ba sau da yawa magana ke kaiwa gaban alƙali ba, domin akwai abin da ya fi kotu kusa, wato idon jama'a.

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, har da yankin Dawanau, tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960: gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, jakai na fita da itace zuwa birni su dawo da taki. A irin wannan zama, dangar kara ce kawai tsakanin gida da gida. Tarin tsoho da dare, maƙwabci yana ji. In tsohuwa ta kwana biyu ba a gan ta a bakin ƙofa tana sussukar gero ko kaɗi ba, wata za ta yafa mayafi ta shigo gaisuwa, kuma gaisuwar nan bincike ce a fakaice: ta ga shimfiɗa, ta ji warin ɗaki, ta ga ko an taɓa kwanon tuwo. Abin da ta gani zai isa gidan suna kafin mako ya zagayo. Ga kuma riƙo, inda ake ba kaka jika ta zauna da ita tana yi mata aike da ɗebo ruwa. Ga gandu, inda 'ya'ya ke noma ƙarƙashin uba, rumbu yana hannunsa har ya tsufa. Wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu, da wuya a manta da shi a ɗaki.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna yadda ƙarancin gona ya jefa magidanta da dama cikin talaucin da ba su da abin ba 'ya'yansu, balle su riƙe su a gandu. Tsarin yana kare mai 'ya'ya da mai gona. Tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda gigi ya sa take surutai, ita ce wani lokaci ake jifa da kalmar maita, idon da ya kamata ya tsare ta ya koma shi ne abin gudu. Waɗanda suka faɗo daga wannan raga sai su nufi birni: bara a ƙofar masallaci, ko inuwar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, sarautun da masarauta ta amince da su don su shugabanci jama'arsu.

Tunanin a gina wa marasa ƙarfi wuri na musamman, da katanga da ma'aikata da rajista, da Turawa ya zo, kuma bai zo don jin daɗin mazauna ba. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, an buɗe na Yaba a Legas a 1907. Dokar mahaukata ta 1916 ta ba likita da majistare ikon tsare mutum, kuma abin da ya dame ta shi ne kare jama'a daga gare shi. A Arewa, mafi yawan waɗanda aka tsare a kurkukun En'e suka zauna, tare da ɓarayi. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta karɓi kula da zangon kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Sunan Yadakunya kaɗai ya isa ya gaya maka yadda ake kallon zuwa irin wurin. Daga nan Bahaushe ya koyi cewa ginin hukuma wuri ne da ake kai wanda aka gaji da shi, kuma darasin bai goge ba. Gidan gajiyayyu na Shahuci a cikin birni da cibiyar Mariri, duk da hidimar da suke yi, sun gaji wannan kallo: ana tuna su da azumi da Sallah, a kai shinkafa da atamfa, a ɗauki hoto.

Akwai wanda ya ga kuskuren tun da wuri. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Lambo ya mayar da idon dangi cikin jinya ke nan. Duniya ta yaba, amma dokar ƙasa ba ta bi shi ba: a 1958 aka sake fitar da tsohuwar dokar kusan yadda take, ta kuma zauna fiye da shekara sittin.

Ƙasashen da muke ganin sun ƙware ma, da gawa suka koya. A Nuwamban 1963 gobara ta kashe tsofaffi 63 a wani gidan kulawa a jihar Ohio ta Amurka. A Birtaniya, Barbara Robb ta wallafa littafi a 1967 kan wulaƙancin da ake yi wa tsofaffi a dogayen ɗakunan asibiti, binciken asibitin Ely na 1969 ya tabbatar da irin wannan ɓarna, daga nan aka kafa masu zagayen duba asibitoci. Amurka sai a 1987 ta yi dokar da ta ba mazaunin gidan tsofaffi haƙƙin kada a ɗaure shi, ko a dirka masa maganin barci, don kawai ma'aikata su huta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne, duk ƙa'idojin sun tattaru a wuri guda: wani baƙo mai iko ya shigo ba tare da sanarwa ba, ya ɗaga bargo. Aikin da maƙwabciya mai mayafi take yi kyauta, su sai da suka kafa masa hukuma da albashi.

Mu kuma namu farkawar ta zo a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Na Daura ya biyo baya a Oktoba. A Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja, ta ce ta tarar da ɗaure mutane a cibiyoyin addini da na gargajiya, har da na gwamnati. Yawancin waɗanda aka ceto matasa ne, amma abin da ya bar ɓarnar ta daɗe shi ne abin da zai iya samun kowane tsoho a bayan kowace katanga: iyali sun miƙa, sun biya, sun tafi, ba kuma wanda aikinsa ne ya leƙa.

Takardu dai yanzu akwai su. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a Janairun 2018, aka naɗa Dokta Emem Omokaro shugabarta a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. A Janairun 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958, ta gindaya sharuɗɗa kan ɗaure majinyaci da killace shi. Jihar Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Amma ɗakin da aka tara tsofaffi shida ana ciyar da su ba asibiti ba ne a idon doka, ba kuma gidan iyali ba ne. A wannan tsakanin haɗarin yake.

Ƙa'idar da tsoho ke buƙata ba ta da wani ƙyalƙyali. Wanda ba ya iya motsi, a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugunsa ta ɓare ta zama gyambon da ke kai wa ga kabari. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, saboda haka a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin Kano ke haura digiri 40, sai an bi shi da ruwa ko bai nema ba. Makewayi ya kasance da abin kamawa, domin karayar ƙugu a shekara tamanin sau da yawa ita ce farkon jinyar ajali. Ƙofar da aka sa wa kwaɗo da dare don kada mai gigi ya fita, ita ce za ta hana shi tsira ranar da maganin sauro ya kama katifa. A rubuta wane magani aka ba wa, da ƙarfe nawa. Mace ta wanke mace. In wani ya rasu, a rubuta dalili, wani daga waje ya karanta.

Waɗannan sharuɗɗa sun hau kan ɗakin bayan gida kamar yadda suka hau kan ginin gwamnati, kuma a ɗakunan bayan gida ne kusan dukkan tsofaffinmu suke. 'Yan Najeriya da suka kai shekara 60 kimanin kashi 5 ne cikin 100, wato mutum miliyan goma ko fiye. A kewayen Dawanau, gonakin da Mortimore ya auna suna komawa filoti da rumbunan ajiyar 'yan kasuwa. Dangar kara ta zama katangar bulo mai ƙofar ƙarfe. Ɗan da a da zai yi gandu yana dako a kasuwa daga asuba zuwa magariba, jikar da za a ba kaka riƙo tana makaranta, inda ya dace ta kasance. Suruka guda ce ta rage a tsakar gida, da goyo, da girki, da tsohuwar da ke kiran ta da sunan wata kishiya da ta mutu tuntuni. Ba wanda ya koya mata yadda ake juya mai kwance. In ta gaji ta ja ƙofar ta sa sakata, maƙwabciyar da ke bayan bulo ba za ta ji komai ba.