Curarren Garin Katako da Gawayin Kara: Makamashin da Ake Iya Sabuntawa

Curarren garin katako makamashi ne da ake yi da ragowar itace. Ana tara garin da ke zuba a wurin yankan katako, a busar da shi har danshinsa ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100, sannan inji ya matsa shi ta ƙananan ramuka. Zafin matsin ne ke narkar da danƙon da ke cikin itacen, sai garin ya haɗe ya fito ƙwaya-ƙwaya, kaurin kowace milimita 6 zuwa 8. Kilo 2 na ba da zafin da ya kai kusan na lita 1 ta kananzir.

A Turai ana ɗumama gidaje da shi, kuma tashar lantarki ta Drax a Ingila ta sauya kwal da shi. Ana ce masa mai sabuntuwa ne saboda bishiya na sake tsirowa, saɓanin fetur da kwal. Amma sharaɗin shi ne a dasa madadin abin da aka sare.

A nan N'Djamena ba mu da dazukan katako, amma buƙatar na gabanmu. A ƙarshen 2008 gwamnatin Idriss Déby ta haramta gawayin itace domin tsayar da kwararowar hamada. A farkon 2009 girki ya gagari gidaje da yawa, har mata suka koma ƙona kashin shanu da ƙwallon goruba. Matatar mai ta Djermaya, wadda aka buɗe a 2011, ta samar da iskar gas, sai dai ba kowane gida ke iya sayen tukunya ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne gawayin kara. Ana ƙona karan gero ko na riɗi a cikin ganga mai ƙarancin iska, a niƙa, a kwaɓa da ruwan ƙaro ko kullun rogo, a cura, a shanya. Hayaƙinsa kaɗan ne, kuma ba a sare bishiya ko ɗaya ba.

Sai dai mu kula da abu biyu. Kara abincin dabbobi ne kuma takin gona, bai kamata a kwashe shi duka ba. Sannan kowane irin gawayi na fitar da iska mai kisa marar wari, don haka kada mu hura shi a ɗaki rufe.