Yadda Aka Gano Kansar Baki Na Kashe Sojojin Jiki

Tun a 1909 masanin nan ɗan Jamus, Paul Ehrlich, ya yi hasashen cewa garkuwar jiki na hallaka ƙwayoyin kansa tun suna tasowa. Macfarlane Burnet na Ostareliya ya sake tayar da maganar a 1957. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. In aka yanko ɗan naman kansar baki aka duba a na'urar hangen ƙananan halittu, sau da yawa akan tarar da sojojin jiki, wato ƙwayoyin T, a cikinsa. To in dai sun iso wurin, me ya sa ƙarin ke ci gaba da girma?

An fara samun bakin zaren ne a 1972. A jami'ar Aberdeen da ke Sikotlan, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka bayyana wata irin mutuwa da ƙwayar halitta ke yi cikin tsari: ta tsuke, ta farfashe, maƙwabtanta su haɗiye ta ba tare da kumburi ba. Suka kira ta afoftosis, kalmar Girkanci da ke nufin zubewar ganye daga bishiya.

A 1989, Shin Yonehara a Jafan da Peter Krammer a Jamus, kowa da ayarinsa, suka gano wani furotin a jikin ƙwayar halitta wanda in aka taɓa shi sai ta kashe kanta. Shi ne Fas. A 1993 ayarin Shigekazu Nagata ya gano abokinsa, FasL. Ka ɗauki Fas tamkar kwaɗo, FasL kuma mabuɗinsa. A jikin mai lafiya wannan tsari na da amfani, domin da shi ake rage ƙwayoyin T bayan sun gama yaƙi, kada su juyo su afka wa mai jikin.

A 1996 wasu masu bincike a birnin Cork na Ailan suka ce ƙwayoyin kansar hanji ma na ɗauke da wannan mabuɗi, suna kashe sojojin da suka zo kashe su. Daga nan Theresa Whiteside da abokan aikinta a jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka bibiyi maganar a kansar baki da maƙogwaro. A 1999 suka sami FasL a jikin irin waɗannan ƙwayoyin kansa. A 2002 suka nuna cewa ƙwayoyin T da ke yawo a jinin majinyatan na mutuwa fiye da na masu lafiya. A 2005 kuma suka tace wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshe-ƙunshe masu ɗauke da FasL daga jinin masu kansar baki, suka zuba wa ƙwayoyin T a ɗakin gwaji, ƙwayoyin suka mutu. Ashe ba lallai sai soja ya je bakin daga ba, saƙon mutuwar na iya iske shi a cikin jini.

Ba kowa ya gamsu ba. A 2000 Nicholas Restifo ya ƙalubalanci wannan fahimta. Ya ce wasu sinadaran da ake gano FasL da su na yin kuskure, kuma a gwajin ɓeraye ƙarin da aka sa wa FasL kan jawo kumburin da ke hallaka shi kansa. Gardamar ta sa aka fahimci cewa kansa ba da hanya ɗaya take karya garkuwa ba.

Wata hanyar ta ɓullo daga Kyoto. A 1992 Tasuku Honjo na neman abin da ke jawo wannan mutuwa mai tsari, sai ya ci karo da PD-1. Daga baya aka gane cewa birki ne da ke sanyaya ƙwayoyin T, kansa kuma ta iya taka shi. Magungunan da ke sakin birkin, nivolumab da pembrolizumab, sun sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2016 don kansar kai da wuya da ta dawo ko ta bazu. A babban gwajin nivolumab, rabin waɗanda suka karɓe shi sun wuce wata 7.5, rabin waɗanda aka yi wa tsohon magani kuwa wata 5.1. Honjo ya raba kyautar Nobel da James Allison a 2018.

Ka ga ci gaba ne, amma ratar wata biyu da 'yan kwanaki ce, kuma waɗanda ƙarinsu ya ragu ba su kai ɗaya cikin biyar ba, ga maganin da tsada. Shi ya sa har yanzu kama cutar da wuri ya fi komai. Gyambo a baki ko a harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ya ƙi tafiya, musamman ga mai shan taba ko tauna ta ko shan giya, a kai wa likita ya duba.