Dutsen da Birch Ya Matse

A shekarun 1960 da 1961 Francis Birch na Jami'ar Harvard ya wallafa sakamakon wani aiki mai cin rai. Yakan yanko guntaye uku daga dutse guda, kowanne ta fuska dabam, ya matse su har kilobar 10, kwatankwacin nauyin da ke danne dutse a zurfin kilomita 35, sannan ya auna saurin igiyar girgiza a cikinsu. Matsin yakan rufe ƙananan tsagu, amma a wasu duwatsun, musamman masu ma'adinin olibin, saurin ya ƙi daidaituwa. Ashe ƙwayoyin dutsen ne suka jeru suna fuskantar gefe guda.

Harry Hess ya ga abin da wannan ke nufi a 1964. Awon da aka yi a tekun Pasifik ya nuna igiyar ta fi gudu tsakanin gabas da yamma. Hess ya ce olibin ne ya jeru, domin dutsen da ke ƙarƙashin teku yana malala sannu a hankali. Magana ce mai nauyi, don a lokacin masana da dama ba su yarda nahiyoyi suna motsi ba.